Dokar da Ta Kira Su da Sunansu

Ba kasafai ake yi wa doka bita ba. An fi sabawa da littafi, ko fim, ko waƙa. Amma doka ma rubutu ce da wasu mutane suka zauna suka tsara, suka zaɓi abin da za su faɗa da abin da za su haɗiye, kuma mai karatu a nutse yana iya ganin inda alƙalaminsu ya yi kaifi da inda ya dakushe. Wadda nake son in tsaya a kanta ƙarama ce, sassa 16 ne kacal, ana iya karance ta tsakanin la'asar da magariba. Ita ce dokar ilimin bai-ɗaya, kyauta kuma dole, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa wa hannu a watan Mayun 2004, wadda mu malaman makaranta muke kira dokar UBE. Na daɗe tare da ita. Na koyar a ƙarƙashin kwanon da kuɗinta ya rufa, na raba wa yara littattafai masu tambarin hukumarta, kuma duk sa'ad da gardama ta kaure a kan wa ke da alhakin me, takardar nake ɗaukowa in duba. Daga ƙasar Birniwa ta Jigawa nake karanta ta, inda ɗan Bahaushe da ɗan Bamange da ɗan Bafillace ke zama a aji ɗaya. Ina ƙaunar dokar nan. Ta san mutanen da take magana a kansu fiye da yadda ake zato, ko da yake ba ta san yadda shekararsu ke juyawa ba.

Wanda bai san abin da ya gabace ta ba, ba zai ga gwanintar shafinta na farko ba. A watan Satumbar 1976 gwamnatin soja ta buɗe shirin UPE, firamare kyauta ga kowa. Kuɗin man fetur na shigowa, niyya kuma mai kyau ce, amma ba a ɗaure wa shirin wani kaso na kuɗi da doka ba. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Aka horar da malamai a gaggauce, aka gina azuzuwa a gaggauce. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, nauyin ya dawo kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa shafe watanni ba albashi, iyaye da dama suka janye 'ya'yansu suka mai da su gona da kiwo. A 1988 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin firamare, a 1991 aka rushe ta, a 1993 aka sake kafa ta. Makarantar firamare ta zama kamar 'yar riƙo, bana tana gidan wannan, baɗi tana gidan wancan, kowa na cewa tasa ce, ba wanda ya tambaya ko ta ci tuwon dare. Ko bayan da Obasanjo ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumbar 1999, shirin ya kusa shekara 5 yana tafiya ba doka.

Shi ya sa sashe na 1 ya buɗe da abin da ba a saba ji daga Abuja ba, wato sanin iyaka. Ya ce abin da gwamnatin tarayya za ta yi taimako ne kawai ga jihohi da ƙananan hukumomi, domin ilimin tushe ya zama iri ɗaya, mai inganci, a ko'ina cikin ƙasar. Wasu abokan aikina suna ganin zamewa ce. Ni hangen nesa nake gani. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hannu a ciki tare, ya kuma ba ƙananan hukumomi rabonsu a harkar firamare. A 2002 Kotun Ƙoli ta hana gwamnatin tarayya yankar wasu kuɗaɗe daga asusun da ake rabawa tun kafin a raba. Da masu tsara dokar sun ce Abuja za ta karɓe firamare, da gwamnoni sun maka ta a kotu tun ba a je ko'ina ba. Sai suka bi wata hanya a sashe na 11. Tarayya za ta cire aƙalla kashi 2 cikin 100 daga nata kuɗin shiga, ba daga rabon kowa ba, ta ajiye don wannan aiki, jihar da ke son ta ɗiba kuma sai ta kawo rabin kuɗin aikin da za a yi. Ba a bar adadin ga ra'ayin minista ba, ba a bar shi ga yanayin kasafin shekara ba. Wannan darasin UPE ne, kuma an koye shi da kyau. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, shugabanni sun zo sun wuce, jam'iyya mai mulki ta canja a 2015, amma kason nan yana nan.

Sashe na 2 da na 3 gajeru ne, kuma gajartar ta yi musu kyau. Shekara 9 ce: 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare. Wajibi ne kowace gwamnati ta samar, wajibi ne kowane uba ko mariƙi ya kai yaronsa, ya kuma tabbatar ya kammala. Ba a karɓar ko kwabo, wanda ya karɓa kuwa tara ce da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko wata 3 a gidan yari, ko duka biyun. Abin da na fi yabawa a nan shi ne ɗaure ƙaramar sakandare da firamare. A ƙauyukanmu, daidai nan ake rasa yara, musamman 'ya mace. Ta gama aji shida tana 'yar shekara 12 ko 13, makarantar gaba tana wani gari, sai maganar talla ta ƙaru, ko maganar aure ta taso. Dokar ta ƙi yarda a mai da aji shida masauki. Ƙananan sakandaren jeka-ka-dawo da suka yaɗu a garuruwan mazaɓu, wasu a jikin firamare, wasu a tsallaken hanya, daga wannan tunani suka fito, kuma yarinyar da za ta iya dawowa gida kafin azahar ita ce mahaifinta ya fi saurin bari ta ci gaba.

Amma wurin da na fi so ba a gaba yake ba. Yana can kusa da ƙarshe, a sashe na 15, inda ake fayyace ma'anar kalmomi, wurin da mai karatu ya riga ya gaji ya fara tsallake layi. A nan aka bayyana abin da ake nufi da ilimin bai-ɗaya, kuma ba a tsaya ga shekara 9 ɗin nan ba. An haɗa da renon ƙananan yara kafin firamare, da yaƙi da jahilci na manya, da koyon sana'a. Sannan aka jero waɗanda aka saba mantawa, ɗaya bayan ɗaya: makiyaya da masu ƙaura, 'ya'ya mata da mata manya, almajirai, yaran da titi ya zame musu gida, da naƙasassu.

Duk wanda ya san ƙasar nan, in ya karanta jerin, fuskoki zai gani. Zai ga Fulanin da ke cin damina a kan jigayin arewa, wajen Machina, in kaka ta wuce su gangara fadamun Guri da Kirikasamma neman ruwa da ɗanyar ciyawa, yaro ɗan shekara 8 yana bayan maruƙa da sandarsa. Zai ga masuntan da ke bin ruwa yayin da yake janyewa tsakanin Haɗejiya da Nguru, su kafa bukkoki da iyalinsu, su yi banda, su tashi in kifi ya yi ƙaranci. Zai ga kolon da aka damƙa wa malam bayan girbi, ya rataya allonsa ya bi shi ci-rani, a da ta jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru da ke ratsa Birniwa, yanzu a bayan mota. Zai ga yarinyar da faranti ke kanta ranar kasuwar Kupsa. Zai ga kurman da, in ba a samu mai kai shi makarantar kurame ta Haɗejiya ba, zai girma bai taɓa zama a aji ba, alhali kaifin basirarsa kowa a unguwa ya shaida. Doka tana iya cewa kowane yaro, ta yi shiru, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Amma wanda ya yi aikin gwamnati ya san cewa abin da ba a ambata ba, ba a yi masa kasafi. Sunan da ke cikin doka shi ke zama layi a takardar tsare-tsare, layin ya zama kuɗi, kuɗin ya zama aji. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a watan Afrilun 2012, da ɗan kason da UBEC, hukumar da dokar ta kafa, ke warewa don yara masu buƙata ta musamman, duk suna da madogara a wannan sashe. Ba na mamakin wannan kulawa in na tuna cewa wanda ya ja ragamar shirin a lokacin da aka yi dokar, Farfesa Gidado Tahir, daga hukumar ilimin makiyaya ya zo.

A sashen nan dai aka lissafa abubuwan da za a ba yaro kyauta: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, da abincin rana. Na sha tsayawa a kan na ƙarshen. Duk wanda ya sa shi ya san aji, ko kuwa ya saurari wanda ya sani. Malamin ƙauye ya san abin da ke faruwa in an tashi tara. Yaran da aka ba kuɗin tara su nufi mai ƙosai, sauran su nufi gida neman kunu ko ɗumame, kuma ba duka ke dawowa ba. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai iso ba, za ka ga yaro ya kifa kai a kan benci tun hantsi. Ba rashin tarbiyya ba ne, yunwa ce. Sanya abinci a jeri ɗaya da littafi, a matsayin haƙƙi ba sadaka ba, shi ne layin da ya fi kowane tausayi a dokar, kuma shi ne ya fi hikima. An gwada ciyarwa a wasu jihohi a 2005, ta mutu a yawancinsu. Aka sake ɗauko ta a 2016, naira 70 ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, kuma duk malamin da ya ga ranar da masu dafa abinci suka fara zuwa da kuloli ya ga yadda aji ke cika har bakin ƙofa, har da ƙannen da aka goyo. Sai dai shirin bai zauna a ƙarƙashin hukumar da dokar ta kafa ba, yana tafiya yana tsayawa, har aka dakatar da shi a farkon 2024. A Indiya Kotun Ƙoli ce ta tilasta dafaffen abincin rana a makarantun gwamnati a 2001, kuma suna ciyar da yara sama da miliyan 100. Dokarsu ta ilimi kyauta kuma dole sai a 2009 ta zo, shekara 5 bayan tamu. Mun riga su rubutawa, sun riga mu ɗora tukunya.

Akwai wani aikin da dokar ta yi a ɓoye, wanda lauyoyi suka fi malamai lura da shi. Sashe na 18 na tsarin mulki ya yi alkawarin ilimi kyauta, amma ya rataya shi a kan lokacin da hali ya yi, kuma yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar 2004 ta sauko da alkawarin daga inda aka rataye shi. Ƙungiyar SERAP ta kai Nijeriya da hukumar UBEC gaban kotun ECOWAS, kotun kuma, a hukuncinta na 2009 da na 2010, ta tabbatar cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gaban alƙali. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar, ta ce tun da majalisa ta yi wannan doka, ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da za a tilasta. Bulama a Diginsa ko arɗo a bakin fadama bai ji labarin waɗannan shari'o'i ba, amma a kan 'ya'yansa aka yi su.

To, ga inda alƙalamin ya dakushe, kuma ina faɗa ne da murya ta mai son abu.

Hukuncin da aka tanadar wa uban da ya ƙi kai ɗansa an jera shi da sassauci: karo na farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata 1, daga nan naira 5,000 ko wata 2, a gaban majistare. Fara wa da jan kunne ya dace da mutanenmu, waɗanda magana a zauren mai gari ta fi sammaci tasiri a kansu. Abin da ke damuna shi ne rashin daidaito. An tanadar wa uba hukunci, an tanadar wa hedimasta hukunci, amma ba a tanadi komai ba ga gwamnatin da ta ƙi gina aji ko ta ƙi turo malami, alhali ita aka fara ambata a jerin masu wajibi. Makiyayin da rugarsa ke da tafiyar rabin yini daga makaranta mafi kusa mai laifi ne a takarda. Wanda ya bar wajen ba makaranta ba shi da laifi. Ban taɓa ganin an gurfanar da uba a kan wannan ba, kuma ba na fatan in gani kafin a gyara ɗaya ɓangaren.

Hedimasta ma an bar shi a tsaka mai wuya. An hana shi karɓa, ba a ba shi na kashewa ba. Alli yana ƙarewa, rajista tana cika, iska tana yaye kwano ɗaya a farkon damina, famfon burtsatse yana lalacewa. Dokar ba ta ware wa makaranta ko sisi da zai shiga hannunta kai tsaye don irin waɗannan ba. Daga nan ne kuɗin PTA da kuɗin jarrabawa da kuɗin tsintsiya ke lallaɓowa, kowa ya san haramun ne a doka, kowa kuma ya san ba don su ba da an rufe aji. Kayan makaranta ma ba sa cikin jerin abubuwan kyauta, kuma ga mai 'ya'ya 5, yadi da ɗinki ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar rabo. Sharaɗin cewa jiha ta kawo nata kafin ta ɗiba yana da amfaninsa, domin ya hana gwamnoni naɗe hannu su bar wa Abuja komai. Amma a aikace, rabin kuɗin asusun, wanda shi ne ake haɗawa da na jiha, ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 rabonsu ɗaya. Jigawa, wadda yaranta da yawa ba su taɓa shiga aji ba, da Legas, wadda ke tara harajin da ya fi na kowace jiha, rabonsu ɗaya. Akwai kashi 14 cikin 100 da aka ware don cike giɓi tsakanin yankuna, amma bai kai girman giɓin ba. Kuma jihar da ta kasa kawo nata, ko ta ƙi, yaranta ne ke asara. Hukumar da kanta ta sha sanar da biliyoyin naira da ke kwance ba a ɗiba ba, a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Brazil, ita ma tarayya ce mai arewa matalauciya, tun 1996 ta tsara kuɗin ilimi ya bi yawan ɗalibai, tarayya kuma ta cika wa jihohin da suka gaza. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a shirin BESDA na Bankin Duniya, na dala miliyan 611, wanda aka amince da shi a 2017 don jihohi 17 har da Jigawa, inda ake biyan jiha gwargwadon yaran da ta shigar. Amma wannan bashi ne mai wa'adi, ba doka ba.

Babban raunin, a ganina, malami ne. Kuɗin haɗakar nan mafi yawansa gini yake tafiya: azuzuwa, banɗaki, katanga, kujeru. Albashin malaman firamare kuwa daga rabon ƙananan hukumomi yake fita. Gini ana ganinsa daga kan hanya, ana yi masa fenti, ana rubuta shekarar kwangila a goshinsa, ana yanka zare. Malami ba ya ɗaukar ido haka. Na san makarantar da ke da sabon gini mai azuzuwa 3, ƙofofin ƙarfe, allo mai sheƙi, malami ɗaya tilo, yana ba aji biyu aikin kwafa ya ruga aji biyar. Ba malalaci ba ne, mutum ɗaya ne. Kwalejin ilimi ta Gumel tana yaye masu NCE kowace shekara, amma wanda aka tura ƙauyen da babu gidan malamai, babu wuta, sai tafiyar babur cikin yashi mai kama taya, bai daɗewa zai fara neman a mai da shi gari. Malama mace ta fi wuyar samu, ita ce kuwa iyayen 'yan mata ke tambaya kafin su saki 'yarsu bayan aji huɗu. Shirin malaman tarayya da aka fara a 2006, mai ɗaukar masu NCE na shekara 2, ya nuna an ga matsalar. Ƙidayar ma'aikata da dokar ta ɗora wa hukumar, wadda aka yi a 2018 da 2022, ita ma ta nuna inda giɓin yake. Dokar ce dai ba ta ba tarayya hanyar da za ta ce ga ƙarin alawus ga duk malamin da ya zauna a karkara ba.

Akwai kuma saɓani tsakanin sassa biyu, wanda sai mazaunin irin ƙasarmu zai ji zafinsa. Sashe na 15 ya san makiyayi da mai ƙaura. Sashe na 4 kuwa ya ɗora wa uba ya tabbatar ɗansa yana karatu na cikakken lokaci, yana zuwa makaranta a kai a kai. Yaron da aka zana a nan yaro ne mazauni, mai gida ɗaya, wanda aikin iyayensa bai dogara da hannunsa ba. Shekarar karatu tana buɗewa a Satumba. A kan tudu lokacin girbin gero ke nan, wake da riɗi na biye. A fadama kuwa lokacin ne ruwa ke kai maƙura. A ambaliyar 2020 da ta 2022 makarantu da dama a ƙasar Haɗejiya sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, wasu kuma ba a kai musu sai da kwalekwale. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta mamaye magudanai, tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana a cikinta. In shinkafa ta fara ido, wa ke tsayawa a gona daga asuba zuwa faɗuwar rana yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsu? Yaron aji huɗu ne. Mahaifinsa ba maƙiyin boko ba ne. In tsuntsu ya cinye gonar, ba abin da za a ci a gidan har baɗi. Hukumar ilimin makiyaya, wadda aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna, ta riga ta fahimci wannan. Ta gwada azuzuwan tanti da ake naɗewa a bi ruga, da karatun safe ko na yamma gwargwadon lokacin kiwo, da shirin rediyo na Don Makiyaya a Ruga, daga baya ta haɗa da 'ya'yan masunta. Wannan ilimi yana nan a hannu tun kafin dokar. Na so a ce layi ɗaya ya shigo da shi, ya ba ƙaramar hukuma ikon daidaita hutu da lokacin aji da yanayin ƙasarta, muddin kwanakin karatu sun cika.

Almajiri ma an kira sunansa, ba a zauna da malaminsa ba. Uban da ya kai ɗansa tsangaya, a zuciyarsa ya sauke nauyin ilimi, nauyin da ya fi kowane girma a wurinsa. Dokar ba ta faɗi matsayin wannan karatu ba, ko ana lissafa shi, ko kuwa yaron da ya haddace izu 30 daidai yake da wanda bai taɓa riƙe allo ba. Makarantun tsangaya na zamani sun zo da gine-gine masu kyau, amma da yawansu sun yi rauni bayan an miƙa su ga jihohi. Inda na ga abin ya kama, ba gini aka fara kawowa ba. An je an gaishe da alaramma, an nemi izininsa, malamin lissafi da karatu ya riƙa zuwa tsangayar a ranakun da allo ke hutawa, Alhamis da Juma'a, a ƙarƙashin inuwar da yaran suka saba. Hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, za ta yi kyau in ta fara daga nan.

Harshe kuma dokar ta bar wa manufar ilimi ta ƙasa. Ɗan Bamange ko ɗan Bafillace da ya shigo aji ɗaya yana koyon Hausa ne daga abokansa, yana jin Turanci daga allo, harshen da aka yi masa rarrashi da shi kuwa yana bakin ƙofa. Ita kanta dokar da Turanci take, iyayen da ta ɗora wa wajibi kuma mafi yawansu ba sa karanta shi.

An sha kai ƙudurin gyara ta gaban majalisa, mafi yawa a kan ƙara kason nan na 2 cikin 100 da tsawaita shekarun zuwa babbar sakandare. Ina goyon bayan duka biyun. Roƙona ga masu gyaran shi ne kada su taɓa jerin sunayen nan da jerin abubuwan kyauta, sai dai su ƙara kayan makaranta a ciki. Su sa rabon ya bi yawan yaran da ke waje, su buɗe ƙofar da wani kaso zai biya malamin karkara, wani ya shiga asusun makaranta a ƙarƙashin idon kwamitin iyaye. Kafin a kai ga nan, akwai abin da ba ya buƙatar majalisa. Sashe na 2 da na 3 da na 15 ba su fi shafi biyu ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Dutse tana iya sa a fassara su da Hausa da Fulatanci da Manganci, a rubuta da boko da ajami, a karanta a gidan rediyo, a kuma ba kowane sakataren ilimi ya kai wa hakimai da bulamai da arɗo-arɗo kafin a buɗe zangon Satumba.